Ni Na Ɗaure Wayar, Oga Sunday Ya Sha Zagin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, barkanku da war haka. Don Allah a ɓoye sunana. Tun kafin ku fara karantawa bari in sauƙaƙa muku: ni ne mai laifi. Babu wanda ya cuce ni, ni na cuci mutum biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya a sunansa. Ban zo don a wanke ni ba. Roƙona kawai ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, wanda kuma ya ga dole sai ya zage ni, to ya haɗa mini da shawara. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni mazaunin Tudun Wada ne a Zariya, ina da shagon cajin waya, ina da mata da 'ya'ya biyu. Karatuna iyakarsa sakandare, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Abin ya faro ne daga yayan matata, Yaya Habu. Shi ya riƙe ta tun bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, kuma duk da ya girme ni bai taɓa ɗaure mini fuska irin ta surukai ba. Sana'arsa aikin hannu a babbar riga, irin ɗinkin da ake watanni ana yi da allura. Wata rana ya kai wa wani mutum kaya Abuja, mutumin ya kai shi wurin shaƙatawa, a can ya hau wata 'yar motar tsere da ake kira go-kat. Ga wanda bai san ta ba, ƙarfe ne a shimfiɗe dab da ƙasa, taya huɗu, kujera ɗaya, sitiyari, totur da birki, babu ƙofa babu gilashi babu giya. In ka zauna a ciki kamar a ƙasa kake zaune, gudu kaɗan sai ka ji kamar tashi za ka yi. Yaya Habu ya dawo Zariya ba shi da wani zance sai wannan, har muka gaji da kallon bidiyon a wayarsa.

A layinmu akwai mai walda, Oga Sunday. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma shi a Tudun Wada aka haife shi, in yana Hausa a bayan labule ba za ka ce ba Bazazzagi ba ne. Rabin ƙofofin unguwarmu shi ya yi su. Da Yaya Habu ya nuna masa bidiyon sai ya tura tabaransa na walda saman goshi ya ce, “Haba Alhaji, wannan ai baro ne da ya yi makaranta. Ka nemo mini injin ban-ruwa irin na masu lambu da tayoyin ƙaramin babur, sauran nawa ne.” Mun ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ya haɗa ta, ta tashi, ta yi gudu. Kafin damina ta zagayo mu shida kowa ya sa an haɗa masa tasa. Muka sami wani fili a bayan Kwangila inda aka daina buga bulo, muka jera tsofaffin tayoyi muka fitar da hanya, duk Asabar bayan la'asar muna can. Magidanta da gemu da furfura, da hular kwano a ka, muna ihu kamar 'yan firamare. Wallahi ban taɓa samun abin da ke wanke mini gajiyar mako kamarsa ba.

Oga Sunday ya kafa mana sharaɗi tun ranar farko. A jikin irin wannan injin akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da makanikai ke kira gwamna, shi ke hana injin wuce wata iyaka komai yadda ka taka totur. Ya ce kada wanda ya taɓa shi, don birkin da ya haɗa da tayoyin da ya sa daidai wannan gudun ya auna su. Muka amince. Mu kuma muka ƙirƙiro wata al'ada tamu da muke kira zagayen huce-haushi: duk wanda ya ci tsere, da ya sauka zai miƙa motarsa ga wanda ya zo na ƙarshe ya yi zagaye ɗaya da ita, don kada a ce mota ce ta ci ba mutum ba.

To ni mutum ne mai jiki. Injin iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, wa kuke ganin zai riƙa zuwa na ƙarshe? Kusan duk Asabar ni ke yin zagayen huce-haushi. Akwai Ɗanlami direban keke mai ƙafa uku, bakinsa ba ya gajiya. Ya sa mini suna Buhun Masara. In na wuce sai ya ɗaga murya, “A ba tirela hanya, ta ɗauko kaya daga Saminaka!” Kowa ya kwashe da dariya, ni ma in yi, amma a raina abin yana cin wuta. Sunan ya biyo ni har shago, har yara masu kawo caji suna faɗa a bayan idona. Na san za ku ce wannan ai bai kai ya kawo ba. Haka ne, bai kai ba. Amma zuciya ta raya mini, ni kuma na bi ta.

Shekara da shekaru ina fama da janareto a shago, kuma cikinsa da na injin ban-ruwa kusan ɗaya ne, na san gwamna kamar yadda na san aljihuna. Sai na sami 'yar siririyar waya na ɗaure hannun gwamnan ta ƙasan tanki inda ido ba ya kaiwa. Mota ta zama wata aba daban. Ban yi haukan nuna ta gaba ɗaya ba, sai in riƙa taka totur rabi, in ɗan ƙara a miƙaƙƙiyar hanya. Na fara zuwa na uku, na biyu, daga nan na fara ci. Da na tsaya sai in durƙusa kamar ina duba mai, in zare wayar in sa a aljihu, sannan in miƙa motar ga na ƙarshe. Ɗanlami ya koma cewa, “Buhu ya sha maganin rama ne, ko malami ya samu?” Ni kuwa sai in ce addu'ar iyaye ce. Ku ji fa, har iyayena na sako cikin ƙaryar.

Ranar da abin ya faru na ci tsere, Yaya Habu ya zo na ƙarshe saboda sarƙar motarsa ta zame. Ina tsayawa, ko hular kwano ban gama cirewa ba, sai ga shi a kaina yana dariya yana cewa in tashi in ba manya wuri. Na sauka, kafin in durƙusa har ya zauna.

Na ce, “Yaya, tsaya in duba mai.”

Ya ce, “Man me? Yanzu fa ka sauka daga kanta. Ko tsoro kake in gano asirinka?”

Wasa yake yi, wallahi wasa yake yi. Amma kowa ya yi dariya, idanu duk suna kaina, Ɗanlami yana cewa, “Bar shi ya duba, ƙila layar ce zai cire!” Da na durƙusa a lokacin, kowa zai ga abin da hannuna zai zaro. Me zai hana in kashe injin? Me zai hana in sunkuya in raɗa masa a kunne, in ce Yaya kada ka take ta duka? Kalma nawa ce? Na tsaya da baki a rufe ina murmushi, na ce a raina ai zagaye ɗaya ne, zai ji ƙarfinta ya sassauta da kansa.

A filin akwai kwana ɗaya da ke zagaye wata bishiyar mangwaro. Da injin da ba a taɓa ba, babu mai ɗaga ƙafa a wannan kwanar, ana shiga ne da totur a ƙasa, duk mun saba da haka har ƙafarmu ta haddace. Haka Yaya Habu ya shige ta. Na ji kukan injin ya haura inda bai taɓa kaiwa ba, na ga motar ta ƙi juyawa, ta haye tayoyin da muka jera, ta daki gindin mangwaron ta kife. Hannunsa na dama ya sa ya tare.

Aka ɗauke shi a keken Ɗanlami zuwa asibiti, Oga Sunday yana riƙe da kan Yaya Habu a cinya. Ni na ce su yi gaba zan tattara motoci in biyo su. Surukina yana can yana salati da karyayyen hannu, ni kuma abin da na fara yi shi ne na durƙusa na zare wayar na jefa ta cikin kwata. Wane irin mutum ne ke yin haka? Na tambayi kaina har na gaji.

Karaya ce a wuyan hannu, har sai da aka yi aiki aka sa ƙarfe. Bayan 'yan kwanaki Ɗanlami ya je inda na ajiye motar ya juya ta, ya ga sandar birki ta ɓalle daidai inda aka yi mata walda. Ni na san dukan bishiya ne ya ɓalle ta, don birkin lafiyarsa ƙalau lokacin da na sauka. Amma shi sai ya ɗauko ƙarfen ya zo da shi shagon Oga Sunday da rana tsaka, ya tsaya a bakin titi yana ɗaga shi sama.

“Ga aikinka nan! Waldar miyau ka yi mana, ka kusa kashe mutum!”

Mutane suka taru, masu acaɓa suka tsaya, masu shaguna suka fito. Oga Sunday ya karɓi ƙarfen yana jujjuya shi. Ya waiwaya cikin taron ya hango ni, sai na ga fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya ga ɗan'uwansa.

Ya ce, “Yauwa, ga Malam nan. Malam, kai ka tuƙa ta kafin Alhaji. Don girman Allah faɗa musu, birkin nan yana ci ko ba ya ci?”

Jama'a, ni ya kira shaida. Ni da ya yi wa ƙofar shago, ni da 'ya'yana ke zuwa gidansa cin shinkafar Kirsimeti, nasa suna zuwa gidana cin naman Sallah. In na ce yana ci, tambaya ta gaba ita ce to me ya sa motar ta yi wannan gudun? Sai na ji bakina yana cewa, “Gaskiya dai, na ɗan ji shi da laushi.”

Ya ce, “Da laushi?”

Na ce, “Kaɗan dai.”

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya ce, “To. Tunda kai ka faɗa, shi ke nan.” Ya juya ya shiga shago.

Daga ranar abin ya bi unguwa. Wani Alhaji da ya ba shi aikin ƙofar gida ya turo aka kwashe ƙarafan tun ba a gama ba. Direbobin keke da ke kawo masa gyara suka koma Gyallesu. Yara in sun wuce shagonsa sai su ce mai waldar miyau su ruga. Abin da ya fi ci mini rai, wasu suka fara sako maganar ƙabila, wai ai su haka suke, kuɗi kawai suka sani. Mutumin da aka haifa a layin nan, wanda ya fi wasunsu daɗewa a Tudun Wada. A gabana ake faɗa ina shago ina jona waya, iyakar abin da nake cewa shi ne Allah ya kyauta. Oga Sunday ya je duba Yaya Habu da ledar lemo da ayaba, matan gida suka tsayar da shi a zaure suka ce mai jiki yana barci, alhali ina ciki muna hira. Shi Yaya Habu bai taɓa zaginsa ba, kullum cewa yake ƙaddara ce, amma shi ma ya yarda birki ne. Wasan Asabar ya mutu, kowa ya kai motarsa bayan gida ya rufe da buhu.

Ni kuwa sai na zama mutumin kirki. Ni ke kai Yaya Habu asibiti gashin ƙashi a babur ɗina, ni ke ɓalla masa maɓallin riga. Surukata in ta gan ni sai ta ce, “Allah ya yi maka albarka ɗan nan, ka fi wani ɗan da aka haifa.” Matata in ta idar da salla ina jin ta tana yi wa Oga Sunday Allah ya isa, ta juyo ta ce mini, “Baban Ilham, ban san da me zan saka maka ba a kan Yaya.” Kun san yadda abinci ke zama a bakin mutumin da ake yi wa irin wannan godiyar? Na rame, suna cewa tausayi ne.

An cire bandeji, hannu ya warke a ido, amma babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Makon jiya na shiga wurinsa da hantsi na same shi da wata riga da ya fara tun kafin hatsarin, aikin ya tsaya a rabin ƙirji. Yana ta ƙoƙarin zura zare a allura, allurar tana faɗuwa, yana ɗauka. Da ya gan ni ya yi dariya ya ce, “Zo ka taimaki tsoho, yau allura ta raina ni.” Na zura masa. Ya yi ɗinki bai fi tsawon yatsa ba, ya karkace, ya zauna yana warwarewa da haƙori. Sai ya ce, “Ka san wanda nake tausayi? Sunday. Ni hannu ɗaya na rasa, shi an ce ko ƙusa ba a kawo masa.” Na ce masa ina da masu jira a shago, na fita. Ban je shago ba. Ƙafata ta kai ni wurin Oga Sunday.

Na same shi a bayan shago ya kwantar da tasa go-kat ɗin, wadda ya haɗa wa kansa, yana yanka ta gunduwa-gunduwa. Ya kashe injin yankan ya jawo mini benci.

“Malam, sannu da zuwa. Ya jikin Alhaji?”

Na ce da sauƙi. Na tambaye shi me ya sa yake yanka ta.

Ya ce, “Ba na so wani yaro ya ɗauka ya hau. Ka ga tun ranar nan, duk abin da na liƙa sai in bi shi da guduma ina duka, ban yarda da shi ba. Na je wurin fastonmu na ce ya yi mini addu'a, na nakasa mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Wata mai zuwa ma ina tunanin in tattara in koma wurin ƙanena a Kaduna.”

Ban zauna a bencin ba. Na durƙusa a ƙasa cikin garin ƙarfe na ce, “Oga Sunday, birkinka lafiyarsa ƙalau. Ni na ɗaure gwamna da waya don in riƙa ci. Na ga Yaya ya hau ban hana shi ba, da ya faɗi na cire wayar na jefar. Ranar da ka kira ni shaida ƙarya na yi maka. Na cuce ka, na ɓata maka suna, ba ni da wata hujja. Don Allah ka yafe mini.”

Ya dubi ƙarafan da ke gabansa. Na zaci zai ɗauki ƙarfe ya buga mini, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo, ya ce a hankali, “Wato waldata ba ta saki ba.”

Na ce, “Ba ta saki ba.”

Ya ce, “Sake faɗa.”

Na sake faɗa. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce in tashi kada wani ya leƙo ya ga magidanci a ƙasa. Na ƙi tashi, na ce sai ya ce ya yafe.

Ya ce, “Malam, abin da ke tsakanina da kai na bar wa Allah, na yafe. Amma duba inda muke. Nan bayan shago ne, daga ni sai kai sai ƙarafa. Ni kuwa a bakin titi aka zage ni. Matata a kasuwa ake nuna ta, 'ya'yana a makaranta ake kiransu 'ya'yan mai waldar miyau. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, don in na faɗa cewa za a yi ƙarya nake, ka san da haka. Bakin da ya ce da laushi, shi zai je ya ce babu laushi.”

Ya kunna injinsa, na fito.

Tun daga ranar nake zagaye a wuri ɗaya. In na fito bakin titi na faɗa, kafin in iso gida labari ya riga ni. Matata za ta san cewa hannun da ya ciyar da ita tun tana ƙarama ni na kashe shi, kuma ina zaune tana yi wa wani Allah ya isa a kan laifina. Surukata tana da hawan jini. Yaya Habu zai tuna duk ranar da na ɓalla masa maɓalli ina kallon idonsa. Ban sani ba ko aurena zai kai labari. In kuma na yi shiru, wata mai zuwa mutumin nan zai ɗaure kayansa ya bar garin da aka haife shi da sunan da ni na liƙa masa. Na san dole in faɗa, wannan ba shi nake tambaya ba. Amma ta ina zan fara? In fara samun Yaya Habu shi kaɗai, ko in fara da matata, ko in nemi wani babba ya raka ni? Ko kuwa in tara su Ɗanlami a ƙofar shagon in faɗa gaba ɗaya, abin da zai faru ya faru? Lokaci yana ƙurewa, kuma na san halina, in na ƙara jinkiri bakina zai sake rufewa kamar yadda ya rufe a filin nan.

Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?